A gyara tsohon otofailot ko a sa sabo? Kowanne da yadda yake cin amana

Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka sayi jirgin, a nan Amurka inda neman abinci ya kawo ni. Tsohon jirgi ne mai inji ɗaya da kujeru huɗu, ƙirar shekarun 1970, kuma otofailot ɗin da ke cikinsa, wato na'urar da ke riƙe wa matuƙi sitiyari, kusan sa'ansa ne. Wata Asabar da hantsi ina tafe a ƙafa 6,500, gari garau, na miƙa masa tuƙi na sunkuya ina duba taswira. Sai na ji kujera ta ɗan danne ni, ta sake ni, ta kuma danne ni. Da na ɗago kai sai na ga hancin jirgin yana sama yana ƙasa kamar raƙumi ya ɗauki sassarfa, allurar tsawo ta haura ƙafa 100, ta gangaro 150, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Na danna jan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsana, na'urar ta yi ƙararta ta sallama, sitiyari ya dawo hannuna. Ban ji ko ƙwarzane ba. Amma har na sauka ina tambayar kaina, da a cikin gajimare ne fa, da dare, ga iyali a baya?

Bakanike ya ce wayar da ke haɗa na'urar da sitiyari ce ta saki, ya ɗaure. Bayan wata biyu abin ya dawo, aka ce jairo ne, wato ƙarfen da ke gaya wa na'urar yadda jirgi yake zaune a iska, aka cire aka aika gyara wani gari. Da ya dawo karo na uku aka fara maganar ƙaramin injin da ke jan wayar, sai babbanmu a shekaru ya ce a tsaya haka nan, kada mu yi ta gyaran gangar Auzinawa. Muka ba kanmu wata ɗaya kowa ya je ya yi bincike: a ci gaba da gyara, a sa sabo, ko a kashe shi gaba ɗaya mu riƙa tuƙi da hannu. Na san ba kowane mai karatu ne yake da jirgi ba, amma yaranmu da ke koyon tuƙi a Kwalejin Zariya da Ilori, da waɗanda aka tura Afirka ta Kudu ko Florida, duk za su zauna a gaban ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, wasu kuma gobe su ne za a tambaya shawara idan kamfani ko wani attajiri zai sayi ƙaramin jirgi.

Tun ranar da Lawrence Sperry, Ba'amurken da ya ƙirƙiro otofailot, ya ɗaga hannayensa sama a kan kogin Seine na Faransa a 1914, bakanikensa yana tsaye a kan fiffike, jirgi kuma yana tafiya da kansa, otofailot bai wuce abu uku ba: ido, ƙwaƙwalwa da hannu. Idon shi ne abin da ke gaya masa yadda jirgi yake zaune a iska. Ƙwaƙwalwar ita ce akwatin da ke lissafi. Hannun kuwa ƙananan injinan lantarki ne da ake kira sarbo, masu jan wayoyin sitiyari. Duk wata matsala daga ɗayan ukun nan take fitowa, kuma bambancin tsoho da sabo ya fi yawa a ido.

Tsofaffin ma ba iri ɗaya ba ne, gida biyu ne, kuma wanda bai san gidan da nasa ya fito ba bai san abin da zai same shi ba.

Gidan farko su ne masu kallon agogon da ke nuna zaman jirgi, mai zanen sama da ƙasa: KFC 150 da KFC 200 na Bendix/King, da Century III da 'yan'uwansa da kamfanin jirage na Piper ya riƙa sa wa sunansa. A cikin agogon akwai jairo, wani ƙarfe mai juyawa da gudu kamar katantanwar da yara ke murzawa, wanda muddin yana gudu ba ya karkata. In komai lafiya, waɗannan sun fi iya tuƙi. Suna riƙe jirgi da taushin hannu ko iska tana girgiza shi, suna bin layin sauka ba tangal-tangal. Matsalar ita ce a yawancin ƙananan jirage abin da ke juya jairon nan famfon zuƙar iska ne da ke jikin inji, famfon kuma da ƙananan faifan gawayi yake aiki, ranar da za su karye ba sa sallama. Ko da famfon ya mutu jairo ba ya tsayawa nan take. A hankali yake rage gudu, a hankali yake kwantawa gefe, kamar dai katantanwar in ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Otofailot kuwa ba shi da wani ido sai wannan, don haka sai ya bi shi da zuciya ɗaya, ya kwantar da jirgin yana ganin gyara yake yi. Matuƙin da ke cikin gajimare in ya dubi agogon zai ga komai daidai, tunda maƙaryacin da mai bin sa bakinsu ɗaya.

Wanda yake ganin ana zuzuta maganar famfon nan ya duba abin da ya faru a Syosset, kusa da New York, ranar 3 ga Mayu 2016. Wani ƙaramin jirgi, Beechcraft Bonanza, ya rasa famfonsa yana saman gajimare, daga baya ya shiga cikinsa, matuƙin ya rasa gane sama da ƙasa, jirgin ya tarwatse tun a iska, mutum uku suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano famfon ya shekara 17 da ƙerawa, alhali maƙeransa sun ce a canza shi bayan awa 500 ko shekara 6, duk wanda ya riga zuwa. Awanninsa ba su cika ba, shekarun ne suka wuce, ba wanda ya lura.

Gida na biyu su ne masu kallon agogon kwana, wanda ke auna saurin juyawar jirgi: S-TEC 30, 50 da 55X, da KAP 140 wanda Cessna ta riƙa sawa a 172 da 182 bayan ta dawo da ƙera su a ƙarshen shekarun 1990. Jairon wannan agogo da lantarki yake juyawa, ba ruwansa da famfo. Ranar da famfo ya mutu, wannan otofailot ɗin shi ne abokin tafiyarka, zai riƙe maka fikafikai daidai har ka samu natsuwa. Wannan ba ƙaramar daraja ba ce, kuma ita ce ta sa har yau ba na raina S-TEC. Sai dai tuƙinsa ba shi da kyan gani. Shi ba ya sanin jirgi ya karkata sai ya fara juyawa, kullum a makare yake, in iska ta yi ƙarfi sai ka ga fikafikai suna rangaji, a layin sauka kuma yana hagu yana dama yana laluben tsakiya. In agogon kwanan ya gaji, rangajin ya ƙaru. A jiragen Cessna na farko masu allon kwamfuta na G1000 da KAP 140, agogon ma a ɓoye yake a bayan allo, matuƙi ba ya ganinsa balle ya lura ya fara ciwo.

Akwai kuma cututtukan tsufa da gidajen biyu suka yi tarayya a kai, irin waɗanda suka cinye mana kuɗi. Wayar sarbo takan saki. Burushin cikin sarbo yakan yi datti, sai ya ƙi motsi da ƙaramar wuta, in wutar ta taru kuma ya zabura ya wuce gona da iri. Kulocin da aka sa don matuƙi ya iya rinjayar na'urar da ƙarfin hannu yakan sake ko ya ƙame. Ruwa ko ɗan yoyo a bututun da ke auna nauyin iska yakan sa jirgi hawa da sauka. Mahaɗin wayoyi na shekara arba'in yakan yi tsatsa, ya yi aiki lafiya a ƙasa, ya ƙi a sama. Kowanne shi kaɗai ba tsada ne da shi ba. Tsadar tana wajen laluben wanne ne, domin alamominsu kusan iri ɗaya ne, masu sanin waɗannan akwatunan kuma sai ritaya suke yi, kayan gyaran wasu sai dai a ciro daga mataccen jirgi.

Sababbin sun shigo kasuwa ne bayan hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta sassauta hanyar amincewa da kayan da aka daɗe ana amfani da su a jiragen da mutane ke haɗawa da kansu. A 2017 Garmin ta fito da GFC 500 don ƙananan jirage da GFC 600 don manya kaɗan, a daidai lokacin da TruTrak da Trio su ma suka samu izini. Idonsu ba jairo mai juyawa ba ne, 'yan ƙananan na'urori ne irin na cikin wayar hannu amma masu inganci, ba famfo, ba abin da ke gogar wani. Sarbon GFC 500 ba shi da burushi, kuma kowanne yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa da ke sa ido a kan aikinsa. In lissafi bai yi daidai ba, abin da aka tsara su yi shi ne su saki tuƙi su yi ƙara. Nan ne babban bambancin yake a ganina: tsoho yakan yi maka ƙarya cikin ladabi yana ci gaba da tuƙi, sabo yakan jefo maka sitiyari ya ce ga kayanka.

Sai dai jefo sitiyarin ma yana kisa in ya tarar da mutum bai shirya ba. Ranar 7 ga Yuni 2012 wani Pilatus PC-12 na wani iyali yana hawa cikin gajimare a sararin Florida, wajen ƙafa 25,000, otofailot ya saki tuƙi ana tsakiyar kwana. Maimakon matuƙin ya kama jirgi ya daidaita fikafikai, bayanan da aka samu sun nuna ya shiga gwada na'urar don ta dawo aiki. Kafin ya ankara jirgin ya kwanta, ya zuro ƙasa da gudun da ya fi ƙarfinsa, fiffike ya ɓalle. Mutum shida, ba wanda ya fita.

Inda sabo ya yi wa tsoho fintinkau shi ne kariya. Ka ce wa KAP 140 ya hau da ƙafa 700 a minti ɗaya, zai yi ta ɗaga hanci don ya cika umarni ko da ƙarfin inji ya ragu, gudu ya yi ta zubewa har fiffike ya daina ɗauka, shi bai san gudu ba. GFC 500 yana iya hawa da gudun da ka zaɓa, in kuma gudu ya yi ƙasa da kima sai ya sunkuyar da hanci da kansa. Ga shuɗin maɓallin nan mai rubutun LVL, wanda kamfanin jirage na Cirrus ya fara yayatawa a 2008: in kanka ya juye ka rasa gane sama da ƙasa, danna shi kawai, jirgi ya miƙe. Ko matarka da ba ta taɓa tuƙi ba za ka iya nuna mata shi. Akwai ma wani tsari da ke aiki ko otofailot a kashe yake, in ka karkata da yawa sai ka ji sitiyari yana tura hannunka. Wanda ba a gaya masa ba zai rantse wani abu ya lalace, malamai kuma sai sun kashe shi kafin su koya wa ɗalibi kwana mai tsanani.

Wani abin da 'yan talla ba sa saurin faɗa: GFC 500 yana jingina da GPS ko a lokacin da yake bin siginar rediyon filin jirgi ta ILS. In GPS ta ɗauke, ya daina bin layin, saura kai. Tsohon KFC 200 bai san wata GPS ba, zai bi rediyonsa har ƙasa. A wuraren da ake yawan toshe siginar tauraron ɗan'adam wannan abin dubawa ne.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace cin lokacinmu, wadda kuma nake ganin ita ce ainihin zaɓin, ba sunan kamfani ba: tirim.

Tirim ɗan leɓe ne a jelar jirgi, ana murza shi da wani faifai da ke kusa da gwiwar matuƙi. Aikinsa kamar daidaita mangala ne a bayan jaki, in ta zauna daidai ba sai ka tallabe ta ba, in ta rinjayi gefe guda kuwa hannunka zai gaya maka. Otofailot mai cikakken kaya yana da sarbo na musamman da ke murza faifan nan da kansa. Daɗi ne da shi, ka rage wutar inji ko ka sauke filaf, wato leɓen bayan fiffike, shi zai daidaita komai. Amma sarbon da ke jan sitiyari an yi shi ne yadda za ka iya fin ƙarfinsa, shi kuwa tirim iskar da ke kaɗa jela yake juya maka, in ya tafi ƙarshe jirgi yana gudu, hannu biyu ma da ƙyar.

Hanya biyu ce yake tafiya ƙarshe. Ta farko na'ura ta haukace ta yi ta murzawa ba wanda ya sa ta. Kada wani ya ce wannan ciwon tsofaffi ne. A Nuwamba 2022 Garmin da kanta ta sanar da masu GFC 500 da ke da sarbon tirim su daina amfani da shi sai an gyara manhaja, bayan tirim ɗin wani Bonanza ya gudu a daidai lokacin da aka kunna otofailot. A 2024 FAA ta mayar da sabunta manhajar dole, umarnin da ya shafi jirage kusan dubu shida. A yaba musu, sun faɗa da bakinsu kuma gyaran ya zo ta manhaja, ba sai an sauke jela ba. Amma darasin yana nan: kuskure ɗaya a manhaja yana zaune a dubban jirage a rana ɗaya, abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba, alhali tsohon akwati shi kaɗai yake lalacewarsa.

Hanya ta biyu ta fi yawa, kuma na'urar lafiyarta ƙalau, matuƙi ne ke kokawa da ita. Otofailot yana riƙe da tsawo, kai kuma ka ja sitiyari don ka ɗan hau. Shi a wurinsa wani abu ne ke ɗaga hanci, sai ya murza tirim ƙasa don ya rama. Ka ƙara ja, ya ƙara murzawa. Lokacin da ka gaji ka sassauta, ko ka kashe shi, duk nauyin da ya tara sai ya faɗo maka gaba ɗaya. A Satumba 2015, kusa da Millbrook a jihar Victoria ta Ostareliya, haka masu bincike suka ce mai yiwuwa ya faru da wata ɗaliba da ke tafiyar horo ita kaɗai a Cessna 172S mai GFC 700, na'ura ta zamani sosai. Jirgin bai da nisa da ƙasa, ga tudu a gaba, ya sunkuya ya daki ƙasa kafin a iya ceto shi. A Leicester ta Ingila kuma, a Mayu 2001, wani Cessna 182S ya tashi ya miƙe tsaye ya faɗo da mutum biyu, aka tarar da tirim ɗinsa kusan ƙarshen sama. Masu bincike suka karkata ga cewa otofailot ɗin ya kama aiki bisa kuskure tun jirgin yana ƙasa, ya yi ta murza tirim ba wanda ya lura. Daga baya, a 2003 da 2004, FAA ta tilasta sauya manhajar KAP 140 a jiragen Cessna don kada ya riƙa kamawa da ɗan taɓi.

Wannan ya sa na daɗe ina kallon masu araha, irin TruTrak Vizion wanda BendixKing ta saya a 2019 ta sauya masa suna zuwa AeroCruze 100. Ya fito a kan dala 5,000 ko kusa da haka, sarbo biyu ne kawai, sa shi ba ya cin kwanaki da yawa. Ba ya taɓa tirim, in yana so a murza sai ya rubuta maka a fuskarsa, kai ka murza da hannunka. Abin da ba shi da hannu a kai ba zai gudu da shi ba. Yana da maɓallin miƙar da jirgi, yana bin hanyar GPS tsaf. Amma ba ya bin ILS, kuma ba a yarda ka bar masa tuƙi har kusa da ƙasa ba. Ga mai yawon rana da gari garau, wanda burinsa ya huta da riƙe sitiyari na awa uku, ya wadatar har da saura. Ga mai shiga gajimare yana saukowa a mummunan yanayi shi kaɗai, araha ba ta ado. Rashin sarbon tirim ma yana da nasa tarko: in ka yi biris da saƙon da yake rubuta maka, sarbon sitiyari zai yi ta riƙe nauyi har ya gaza, ranar da ya saki kuma hanci ya zabura.

Kuɗin GFC 500 da aka sanar a 2017 dala 6,995 ne na sarbo biyu, amma wannan kuɗin kwali ne. Ba ya aiki sai da agogon Garmin na zamani, G5 ko GI 275 ko allon G3X Touch, sai kuɗin sarbon tirim in kana so, sai ladan aiki na cire tsohon da jan sababbin wayoyi tun daga hanci har jela. In lissafin ƙarshe ya ninka kuɗin kwali biyu ko uku kada ka yi mamaki, farashin kuma ya hau tun lokacin. A gefe guda, in ka sa irin waɗannan agogo biyu, a jirage da yawa za ka iya cire famfon zuƙar iska gaba ɗaya ka jefar, ka rabu da ciwon Syosset. Wannan kaɗai ya biya rabin kuɗin a wurina.

Akwai hanyar tsakiya ga masu S-TEC. Avidyne DFC90, wanda masu Cirrus na farko suka yi rububinsa, da S-TEC 3100, suna canza ido da ƙwaƙwalwa su bar tsofaffin sarbo a inda suke. Aiki ya ragu, kwanakin zama a gareji sun ragu. Amma in ciwonka a sarbo yake, ka sayi sabon kai ne ka ɗora a kan tsohon hannu mai rawa. A auna sarbon tukuna.

Kafin ma a kai ga kuɗi, a duba ko an amince a sa na'urar a irin jirginka, domin izinin samfuri-samfuri ake bayarwa, wani lokaci har lambar ƙira. Jirgin da ke da rajistar Najeriya kuma sai hukumar jiragen sama ta ƙasar, NCAA, ta amince da sauyin. GFC 500 dillalan Garmin masu izini ne kawai ke sa shi, sabunta manhaja ma sai an nemo wanda ya iya. Mai jirgi a Kano ko Yamai ya fara tambayar kansa wa zai taɓa masa shi ranar da irin sanarwar 2022 ta sake fitowa, kuma a wace ƙasa yake. Tsohon ma ba sauƙi gare shi a can ba, akwatin sai ya yi tafiyar wata da watanni. Amma wannan tambaya ce da mu a nan ba ma yi, gareji yana bayan hangarmu, wato rumfar ajiye jirginmu.

Ɗaya daga cikinmu ya tsaya a kan a kashe shi kawai. Dokar Amurka ta yarda, in ba ya cikin kayan dole na jirgin: a cire masa wuta, a manna takarda cewa ba ya aiki, a rubuta a littafi. Hujjarsa ita ce abin da babu shi ba ya lalacewa, hannu kuma zai ƙware. Da gaskiyarsa, kuma tsohon otofailot mai ƙarya gara babu shi. Amma ni na tuna masa da John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda ya faɗa teku daren 16 ga Yuli 1999, a Piper Saratoga kusa da tsibirin Martha's Vineyard. Ba gajimare ba ne, hazo ne a kan teku cikin duhu, sama da ruwa suka zama abu ɗaya. Ba a samu wata matsala a jirgin ba, kansa ne ya juye. Duk wanda ya taɓa tashi daga Kano ko Zariya a tsakiyar hunturu ya san irin wannan sararin, rana tsaka amma ba ka ganin inda ƙasa ta ƙare. A irin wannan rana abin da zai riƙe maka fikafikai na minti biyu ya fi kujerun fata da sabon fenti.

Da aka zo yanke shawara ga abin da na faɗa musu, kuma shi zan faɗa wa kowa. Mai S-TEC ko KAP 140 da ke aiki lafiya, yana yawonsa da rana, ya bar kuɗinsa a aljihu, ya karanta littafin na'urar daga bango zuwa bango. Mai KFC ko Century da ke kallon jairon famfo, in yana shiga gajimare, ko dai ya canza idon zuwa na lantarki in akwai wanda aka amince ya yi magana da akwatinsa, ko ya canza duka. Wanda ya biya kuɗin gyaran ciwo ɗaya sau biyu ya dawo, kada ya biya na uku. Namu ya faɗa a rukuni na biyu da na uku a lokaci guda, don haka ba a yi doguwar gardama ba, GFC 500 muka ɗauka.

Gardamar a kan sarbon tirim aka yi ta. Ni na ce a bar shi. Jirginmu mara nauyi ne, faifan yana nan dab da hannu, na'urar kuma in babu sarbon tana rubuta maka ka murza sama ko ƙasa. A Bonanza ko Cessna 210, masu nauyin sitiyari da saurin canza hali in an sauke taya ko filaf, ba zan yi musu ba, a can sarbon yana rage aiki a lokacin da aiki ya fi yawa. Sauran ukun suka ce ana buɗe jela sau ɗaya ne, in ba a sa yanzu ba kuɗin zai ninka gobe, kuma mai saye in an tashi sayarwa zai tambaya. Uku da ɗaya, aka sa.

Abin da na samu a madadin ƙuri'ata sharaɗi ne da muka rubuta a takardar haɗin gwiwarmu. Birekar otofailot da ta tirim, wato maɓallan da ake ja a yanke musu wuta, an sa musu jan zobe, yadda yatsa zai same su ba sai ido ya nema ba. Kafin kowane tashi, a ƙasa, sai an kunna na'urar, an rinjaye ta da hannu hagu da dama, gaba da baya, an danna jan maɓalli an ji ta saki, sannan a dubi alamar tirim da ido a tabbatar tana wurin tashi. Sau biyu a shekara kuma kowannenmu zai hau da malami, malamin ya murza tirim ba sanarwa. Jerin ba shi da tsawo: kama sitiyari da ƙarfi, danna jan maɓalli ka riƙe shi a danne domin sakinsa na iya mayar wa tirim wuta, murza faifan da hannu, ja bireka, sannan ka ɗaga yatsa. In hanci ƙasa yake ja, rage wutar inji, gudu ne ke ƙara masa nauyi. Karon farko da aka gwada ni, na ɗauki daƙiƙa tara kafin yatsana ya samu birekar, ina kallon gwiwata maimakon waje. Jirgin ya yi sati bakwai a gareji kafin a gama aikin, ba uku da aka yi mana alkawari ba.